Yadda Bafalasɗine Mazaunin Jamus Zai Nemi Zama Ɗan Ƙasa, Mataki-Mataki

Wanda ya jima a Jamus, yana kuma zuwa masallatan Balin ko Hambog ko Essen, ba zai rasa sanin irin wannan mutumin ba. Bafalasɗine ne, an haife shi a ƙasar ko an zo da shi yana goye, a can ya yi makaranta, Jamusanci ya fi Larabci zama a bakinsa. Amma idan ya ciro katinsa na izinin zama, a gurbin da ake rubuta ƙasar mutum sai ka ga alamar cewa ba a tantance ko shi ɗan ina ne ba. Wani ya shekara talatin a haka. Abin yana taɓa ni ƙwarai, domin ɗan Najeriya ko ɗan Nijar da ya zo bayansa da shekara ashirin yana iya riga shi karɓar fasfon Jamus, don kawai shi yana da ofishin jakadancin da zai buga masa hatimi.

Na rubuta wannan jagora ne saboda 'yan'uwanmu da ke zaune a can, waɗanda ake roƙo su raka wani ofis ko su yi tafinta, da waɗanda aure ko maƙwabtaka ta haɗa su da Falasɗinawa. Zan riƙa cewa "kai" kamar mai neman ne zaune a gabana, amma dokar ɗaya ce ga mace da namiji. In ka cire batun takardun asali, sauran sharuɗɗan su ne ake gindaya wa kowane baƙo, har da mu.

An yi wa dokar zama ɗan ƙasa ta Jamus babbar kwaskwarima wadda ta fara aiki ranar 27 ga Yuni, 2024. An rage shekarun zama daga 8 zuwa 5, an kuma daina tilasta wa mutum ya ajiye fasfon ƙasarsa ta asali. A lokacin an buɗe wata gajeriyar hanya ta shekara 3 ga waɗanda suka yi fice, amma majalisa ta soke ta a 2025, saboda haka kada wani ya ruɗe ka da tsohon labari.

Mataki na farko: ka san rukunin da kake ciki

Tun da aka raba sama da mutum 700,000 da gidajensu a 1948, Falasɗinawa suka warwatsu ƙarƙashin hukumomi daban-daban, kowacce da irin takardar da take bayarwa. Yawancin ƙasashen Larabawa ba su mai da su 'yan ƙasa ba. Yarjejeniyar Kasabalanka ta 1965 ta ce a ba su takardun tafiya da damar aiki, su ci gaba da zama Falasɗinawa. Ita kuma Jamus, har zuwa lokacin wannan rubutu, ba ta amince da Falasɗinu a matsayin ƙasa ba, duk da cewa Birtaniya da Faransa da Kanada da Ostireliya sun amince a watan Satumban 2025. Ma'aikacin da ke riƙe da fayil ɗinka ba zai rubuta "ɗan ƙasar Falasɗinu" ya wuce ba. Zai so ya san ko akwai wata ƙasa a duniya da ke ɗaukar ka nata.

Idan gidanku daga Labanan kuka fito, kamar dubban da suka shigo Balin lokacin yaƙin basasar 1975 zuwa 1990, takardunka su ne katin shaidar ɗan gudun hijira da ma'aikatar cikin gida ke bayarwa, da takardar rajistar iyali da ake kira ikhraj ƙaid, da takardar tafiya wadda su suke kira wasiƙa. Kalmar nan ce dai da muka aro daga Larabci muka mai da ita ta saƙo. Wanda ya fito daga Siriya, misali sansanin Yarmuk da ke Dimashƙa, yana da makamantan waɗannan daga hukumar kula da Falasɗinawa ta can. Mutanen Gaza da yawa suna riƙe da wasiƙar Masar, domin Masar ce ta mulki zirin daga 1948 zuwa 1967.

Jodan tana bukatar lura. Idan fasfonka yana ɗauke da lambar ɗan ƙasa, to kai ɗan Jodan ne a idon doka, lamarinka kuma ya yi sauƙi. Idan na wucin gadi ne marar lamba, irin wanda ake ba 'yan asalin Gaza da ke can da mutanen Gaɓar Yamma tun bayan da Sarki Husaini ya yanke alaƙar mulki da yankin a 1988, to takardar tafiya ce kawai.

Mai katin shaida na Gaɓar Yamma ko Gaza, wanda ake kira hawiyya, yana iya samun fasfon Hukumar Falasɗinawa, wanda aka fara bayarwa a 1995 bayan yarjejeniyar Oslo. Akwai wani fasfon da hukumar ke ba mazauna waje marasa hawiyya, lambarsa tana farawa da sifili. Jamus ba ta ɗaukar wannan daidai da wancan, don haka kada ka dogara da shi kaɗai.

Ka kuma duba ɓangaren mahaifiya. Macen Labanan ko Jodan ba ta gadar wa ɗanta ƙasa, shi ya sa ɗan Bafalasɗine da 'yar Labanan yake tashi ba ƙasa. Masar kuwa ta sauya dokarta a 2004, daga baya aka shigar da 'ya'yan Falasɗinawa, saboda haka mai uwa Bamasariya ya bincika tun da wuri.

Mataki na biyu: tabbatar da ko kai wane ne

A nan yawancin fayil-fayil ke maƙalewa, kuma a nan nake so ka fi kashe ƙarfinka. Doka ta ce sai an tantance asalin mutum da ƙasarsa kafin a ba shi ɗan ƙasa. A rajistar baƙi akwai matsayi biyu masu kama da juna da sakamakonsu ya sha bamban. Na ɗaya staatenlos, wato an tabbatar ba ka da ƙasa. Na biyu ungeklärt, wato ba a tantance ba. Wanda aka tabbatar ba shi da ƙasa ya cika sharaɗin, yana kuma iya neman takardar tafiya ta marasa ƙasa bisa yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1954. Wanda aka rubuta masa "ba a tantance ba" yana nan a bakin ƙofa ko da ya cika komai. Aikinka shi ne ka tashi daga na biyun ka koma na farko, ko ka nuna ƙasar da kake da ita.

Babbar kotun harkokin mulki ta tarayya da ke Leipzig ta shimfiɗa tsari a hukuncinta na Satumban 2020, kuma shi ofisoshi ke bi. Ana fara neman fasfo ko katin shaida na hukuma mai hoto. Idan ya tabbata ba za ka iya samu ba, ko neman zai jefa ka cikin haɗari, sai a sauko zuwa wasu takardun hukuma, kamar takardar haihuwa, ta aure, ta makaranta ko lasisin tuƙi. Idan su ma babu, sai takardun da ba na hukuma ba da shaidar 'yan'uwa waɗanda aka riga aka tantance nasu asalin. A can ƙarshe, kuma da ƙyar, ake karɓar bayanin bakinka kaɗai. Ba a tsallake hawa. Sai ka nuna ka gwada na sama ya gagara kafin a sauko da kai.

Ma'anar wannan a aikace ita ce, duk ƙoƙarin da ka yi ka bar masa shaida. Ka rubuta wa ofishin jakadanci ta hanyar wasiƙa mai rajista ka ajiye rasit. Ka je da kanka, ka rubuta rana da sa'a, ka tafi da wanda zai shaida. Ka ajiye kwafin duk saƙon imel, har da wanda ba a amsa ba. Idan ka ɗauki lauya a Beirut ko Amman ya ciro maka takarda daga rajista, ka ajiye takardar wakilcin da rasitin biyan. Ma'aikaci ba zai rubuta "ya ce ya je sau uku" ba, amma zai sa rasit uku a fayil.

Rajistar UNRWA, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya da aka kafa a 1949 domin 'yan gudun hijirar Falasɗinu, tana daga cikin hujjoji masu nauyi. Tana aiki a Jodan da Labanan da Siriya da Gaɓar Yamma da Gaza, katin iyali kuma yana nuna sunan uba da kaka da garin asali. Idan katin ya ɓace ko ya tsufa, ana iya neman sabon bayani ta manhajar eUNRWA. Ofishin wakilcin Falasɗinu da ke Balin shi ma yana ba da takardar tabbatar da asali. Waɗannan biyu ba sa maye gurbin takardun ƙasar da ka fito, amma idan suka haɗu da su suka yi magana ɗaya, fayil yana ƙarfi.

Mutanen Labanan sun fi shan tambaya, kuma akwai dalili. Labanan ta ba wasu Falasɗinawa ɗan ƙasa, har da ta wata doka ta 1994. Sannan a cikin waɗanda suka shigo Jamus a shekarun yaƙi akwai wasu al'ummomi masu jin Larabci da daga baya aka gano suna cikin rajistar Turkiyya. Tun daga nan hukumomi suke yi wa kowa kallon tuhuma, laifin wani ya shafi wani. Za a iya ce maka ka kawo takardar da ke nuna ba ka cikin rajistar 'yan ƙasar Labanan. Ka nema, ko da kana ganin ba za a ba ka ba, domin neman kansa hujja ne. Wanda aka ba cikakken matsayin ɗan gudun hijira, galibi ba a tilasta masa zuwa ofishin jakadancin ƙasar da ya gudo, kuma bai kamata ya je ba sai ya shawarci lauya.

Sai rubutun suna. Muhammad a takarda ɗaya, Mohamad a wata, Mohammed a ta uku. Sunan kaka ya zama sunan dangi a nan, ya ɓace a can. Ranar haihuwa 1 ga Janairu saboda wani ma'aikaci a wata iyaka bai samu rana ba. Mu ma mun san wannan ciwon. Ka shimfiɗa dukkan takardunka a tebur, ka rubuta kowane saɓani da dalilinsa a takarda guda, ka miƙa da kanka kafin a gano. Duk fassara ta fito daga hannun tafintan da kotun Jamus ta rantsar, in so samu mutum ɗaya ya fassara duka domin rubutun sunaye ya zo ɗaya.

Idan iyayenka sun shigo da sunan da ba nasu ba, ko kai ka taɓa ba da bayanin da ba daidai ba, ramin ƙarya ƙurarre ne. Ana iya ƙwace ɗan ƙasar da aka samu ta hanyar yaudara har cikin shekara 10 da bayarwa. Ka tafi wurin lauyan shige da fice ka faɗa masa komai, shi ya tsara yadda za a gyara, kafin ka cika fom ko ɗaya.

Mataki na uku: irin izinin zamanka da lissafin shekaru

Shekara 5 ɗin da ake nufi su ne na zama bisa ƙa'ida. Duldung, takardar nan ta dakatar da kora da Falasɗinawa da yawa suka rayu a kanta shekaru aru-aru, wani lokaci ma haɗe da haramcin yin aiki, ba izinin zama ba ce, kuma ba a ba da ɗan ƙasa a kanta. Wanda ya nemi mafaka aka amince masa, lokacin da ya yi yana jiran hukunci yana shiga lissafi.

Ka juya katinka ko takardar da ke haɗe da shi ka karanta lambar sashen doka da aka rubuta. Izinin dindindin, wato Niederlassungserlaubnis, ya wadatar. Izinin aiki, na haɗuwar iyali da na ɗan gudun hijira su ma suna yi. Amma akwai waɗanda doka ta cire, ciki har da izinin karatu, da sashe na 24, da sashe na 25 sakin layi na 3 zuwa 5 na dokar zaman baƙi. Wannan sakin layi na 5 shi ne wanda Falasɗinawan Labanan da yawa ke riƙe da shi, domin ana ba wanda ba yadda za a yi a mai da shi ko'ina. Shekarun da ka yi da shi ba su faɗi ƙasa ba, sai dai dole ka sauya kafin a ba ka ɗan ƙasa. Ka tambayi ofishin baƙi game da sashe na 25a na matasa, ko 25b na manya da suka zauna da gindinsu, ko izinin dindindin kai tsaye. Mutane da dama suna miƙa takardar neman ɗan ƙasa su yi shekara suna jira, sai a ce musu katinsu ba ya yi. Da sun duba lambar nan tun farko da sun huta.

Tafiyar da ba ta wuce wata 6 ba ba ta katse lissafi. Wanda ke auren ɗan ƙasar Jamus yana iya nema bayan shekara 3 na zama, idan auren ya kai shekara 2. Mata ko miji da ƙananan yara ana iya haɗa su da mai neman ko da nasu shekarun ba su cika ba.

Akwai wata ƙofa da iyaye da yawa ba su sani ba. Wata doka ta 1977 ta ba wanda aka haifa a Jamus ba shi da ƙasa tun haihuwa haƙƙin zama ɗan ƙasa, idan ya shekara 5 yana zaune bisa ƙa'ida kuma ya nema kafin ya cika shekara 21, muddin ba a yanke masa ɗaurin shekara 5 ko fiye ba. Ba ta bukatar yawancin sharuɗɗan da ke ƙasa. Amma ita ma sai an tabbatar da rashin ƙasar, kuma ranar cika 21 ba ta jira. Idan ɗanka da aka haifa a can an ba shi kwafin rajista mai ɗauke da bayanin cewa ba a tantance asalin iyaye ba, maimakon cikakkiyar takardar haihuwa, ka koma ofishin rajistar haihuwa a gyara da zarar naka asalin ya tabbata.

Mataki na huɗu: ciyar da kai da iyali

Dole ka iya ɗaukar nauyin kanka da iyalinka ba tare da tallafin Jobcenter, wato ofishin masu neman aiki, ko tallafin jin ƙai na ofishin walwala ba. Kuɗin yara da tallafin haya da na ɗalibai ba sa hana ka. Dokar 2024 ta tsananta a nan. Rangwamen da ya rage shi ne na wanda ya yi aikin cikakken lokaci na wata 20 cikin 24 da suka wuce, da matarsa ko mijinta idan suna zaune tare da ƙaramin yaro, da tsofaffin ma'aikatan da aka gayyato shekarun baya. Marar lafiya ko mai naƙasa ko mai jinyar wani yana iya roƙon a duba shi ta hanyar sassauci, amma wannan yana hannun ofis.

Ka tanadi kwantiragin aiki, takardun albashi na watannin baya-bayan nan, yarjejeniyar haya, shaidar inshorar lafiya da bayanin asusun fansho. Mai shago ko gidan abinci ya tanadi takardun haraji da bayanin akanta. Kuɗin da aka karɓa a hannu ba a rubuta ba, a wurin ofis babu shi.

Mataki na biyar: harshe da jarrabawa

Ana son Jamusanci matakin B1, wato matsakaicin mataki, da takardar shaida daga cibiyar da aka amince da ita, ko shaidar kammala makaranta a Jamus. Jarrabawar zama ɗan ƙasa tambaya 33 ce cikin minti 60, ana bukatar 17 daidai, kuɗinta Yuro 25. Ana ciro tambayoyin daga jerin guda 300 na ƙasa baki ɗaya da 10 na jiharka, dukkansu kuma suna shafin BAMF, hukumar tarayya mai kula da baƙi da 'yan gudun hijira, kyauta. A 2024 an ƙara tambayoyi kan rayuwar Yahudawa a Jamus da Isra'ila da ƙin jinin Yahudawa. Wanda ya gama sakandare a Jamus ba ya bukatar ta. Ka yi rajista da wuri a makarantar manya ta garinku, domin gurbi yana wuyar samu.

Mataki na shida: tarihin laifi da alkawarin da za ka sa wa hannu

Tarar da ba ta wuce ta kwana 90 ba, bisa yadda Jamus ke auna tara da kuɗin shigar mutum na kullum, da ɗaurin jeka-ka-gyara-halinka da bai wuce wata 3 ba, ba sa hana ka. Sai dai ana tara hukunce-hukunce wuri ɗaya, don haka ƙananan laifuka kamar shiga jirgin ƙasa ba tikiti sau da yawa suna iya haɗuwa su haye iyaka. Idan kotu ta ce laifin ya samo asali daga ƙin jinin Yahudawa ko wariyar launin fata, to ko ƙanƙani ne ya isa ya hana. Idan ana bincikenka, ana dakatar da fayil har a gama. Ka bayyana komai a fom, har hukuncin da aka yanke maka a wata ƙasa. Mai mata fiye da ɗaya a lokaci guda ba a ba shi ɗan ƙasa, ko a ina aka ɗaura auren.

Sannan za ka sa hannu cewa ka yarda da tsarin mulkin dimokuraɗiyya na Jamus. Tun 2024 an ƙara alkawari na biyu: ka yarda da nauyin tarihi da ke kan Jamus saboda zaluncin mulkin 'yan Nazi da abin da ya haifar, musamman kare rayuwar Yahudawa, da zaman lafiya tsakanin al'ummomi, da haramcin yaƙin mamaya. Jihar Sachsen-Anhalt ta ƙara nata tun ƙarshen 2023, tana neman mai nema ya rubuta cewa ya amince da haƙƙin wanzuwar ƙasar Isra'ila. A wasu wuraren ma ma'aikaci yana iya yin tambaya a kan haka a hira.

Ba zan ɓoye ba, ina ganin nauyin wannan a kan mutumin da kakansa ya bar Haifa ko Safad da makullin gida a aljihu, ko wanda ya rasa dangi a Gaza. Wani zai karanta ya ga zai iya sa hannu da zuciya ɗaya, domin kare ran Bayahude maƙwabcinsa abu ne da addininsa ma ya ɗora masa. Wani zai tsaya a kan wata jimla ya kasa wucewa. Shawarata ita ce ka nemi rubutun tun kafin ranar hira, ka karanta shi a gida cikin natsuwa, ka tambayi lauya abin da kowace jimla ke ɗaure ka da shi. Sukar manufofin wata gwamnati ba laifi ba ne a dokar Jamus, amma ofis yana duba kalaman da aka yi amfani da su. Kada ka sa hannu a kan abin da kake shirin ƙaryatawa gobe a intanet, domin za a ɗauke shi yaudara.

Kowane fayil ana tura sunan mai shi ga hukumar tsaron cikin gida. Jamus ta haramta ayyukan Hamas da ƙungiyar Samidoun, mai fafutuka da sunan fursunonin Falasɗinawa, ranar 2 ga Nuwamba, 2023, kuma yaɗa alamominsu ko yabonsu a Facebook ko Instagram ko TikTok yana iya rushe neman gaba ɗaya. Taken nan na "daga kogi zuwa teku" ya kai mutane gaban kotu, hukunce-hukuncen kuma sun saɓa wa juna. Idan an taɓa rubuta sunanka a wata zanga-zanga, ka sa lauya ya binciko abin da ke rubuce a kanka kafin ka nema.

Kafin ka miƙa: abin da za ka iya rasawa

Tambayar da ke hana tsofaffi barci ita ce ko karɓar fasfon Jamus yana nufin sun sallama haƙƙin komawa. Rajistar UNRWA ba ta faɗuwa don mutum ya zama ɗan wata ƙasa. Miliyoyin da ke Jodan suna da fasfon Jodan kuma sunayensu na nan a rajista. Hawiyyar Gaɓar Yamma ko Gaza ma Jamus ba ta ce ka mayar ba.

Mutanen Gabashin Birnin Ƙudus ne ke cikin haɗari na gaske. Abin da ke hannun yawancinsu izinin zama na dindindin ne daga Isra'ila, kuma ƙa'idojinta sun ba da damar soke shi idan mutum ya shekara 7 a waje, ko ya karɓi izinin dindindin ko ɗan ƙasa a wata ƙasa. Dubbai sun rasa nasu ta wannan hanya. A cikin masu riƙe da wannan kati har da jikokin alhazan Najeriya da Cadi da Sudan da Senegal, Hausawa a cikinsu, da ke zaune a unguwar 'yan Afirka daf da ɗaya daga ƙofofin Masallacin Aƙsa. Duk mai katin Ƙudus ya yi magana da lauyan da ya san dokar can, ba na Jamus kaɗai ba, kafin ya ɗauki kowane mataki.

Mataki na bakwai: miƙawa da jira

Ana nema a ofishin zama ɗan ƙasa na garin da kake da rajista. A Balin, tun Janairun 2024 an tattara aikin a hukumar shige da fice ta jihar, kuma ta intanet ake cikawa. Daga shekara 16 mutum yana nema da kansa. Kuɗin Yuro 255 ne ga babba, 51 ga yaron da aka haɗa da iyayensa. Kafin ka aika, ka kai fayil ɗin cibiyar ba baƙi shawara, irin waɗanda ƙungiyoyin jin ƙai na Caritas da Diakonie da AWO da Red Cross ke gudanarwa. Kyauta ne, kuma matambayi ba ya ɓata.

Ka riƙe kwafin duk abin da ka aika da shaidar ranar aikawa. Kada ka bari izinin zamanka ya ƙare kana jira. Idan ka sauya aiki ko gida, ko ka yi aure, ko aka yi maka haihuwa, ka sanar a rubuce, domin sharuɗɗan sai sun kasance a cike har ranar da za a miƙa maka takarda. A manyan birane jiran yana iya wuce shekara. Doka ta ba ka damar kai ƙara kotun harkokin mulki idan wata 3 suka wuce ba a yanke hukunci ba kuma babu ƙwaƙƙwaran dalili. Wannan ƙara tana amfani ne ga wanda fayil ɗinsa ya cika. Wanda asalinsa bai tabbata ba, kotu za ta mai da shi mataki na biyu ne. Idan aka ƙi ka, takardar ƙin tana ɗauke da wa'adin ɗaukaka ƙara, yawanci wata 1, kuma a ranar da ta iso ya kamata lauya ya gan ta.

Mataki na takwas: ranar karɓa da abin da ke biyo baya

Kana zama ɗan ƙasa ne a lokacin da aka damƙa maka takardar shaida a hannu, bayan ka furta cewa za ka mutunta tsarin mulki da dokokin ƙasar. Ka duba rubutun sunanka da ranar haihuwa a wurin kafin ka fita. Daga nan sai ofishin gari domin katin shaida da fasfo. Idan sunanka jerin sunayen uba da kaka ne, ofishin rajistar haihuwa da aure yana ba da damar ka tsayar da sunan yanka da na dangi. Takardar tafiya ta ɗan gudun hijira ko ta marar ƙasa za a karɓe ta, domin wancan matsayin ya ƙare.

Idan kana da hawiyya, ka sani hukumomin Isra'ila suna ci gaba da ɗaukar ka Bafalasɗine ko da fasfon Jamus a hannunka. Yawanci ta gadar da ke kan Kogin Jodan ake shiga Gaɓar Yamma, da takardun Falasɗinu, kuma taimakon da ofishin jakadancin Jamus zai iya yi maka a can taƙaitacce ne. Ka karanta sanarwar ma'aikatar harkokin wajen Jamus kafin ka sayi tikiti.

Katin UNRWA da wasiƙar Labanan ko Siriya da ikhraj ƙaid, ka sa a yi musu kwafi mai hatimi kafin ka miƙa wa kowane ofis na asali, ka ajiye su wuri ɗaya da takardar shaidar Jamus. Rajistar UNRWA ta ɓangaren uba take bi, kuma ba ta shigar da jariri da kanta. Ɗan da aka haifa maka a Jamus bayan wannan rana Bajamushe ne tun daga haihuwa, amma sunansa ba zai shiga katin iyali kusa da na kakansa ba sai kai ka aika da takardar haihuwarsa an rubuta.